Kwana Tara a Damargu, Ƙasar Tumfafiya

Shekara uku Kawu yana cewa za mu je Damargu, yankin da ke arewa da Damagaram a ƙasar Nijar, mu gaida Inna, ƙanwar kakata, kullum wani abu na giftawa. Sai a watan Janairun 2023 Allah ya nufa, bayan saƙo ya iso cewa jikin tsohuwa ya fara rauni, kuma ba ta da zance sai na 'ya'yan yayarta da ke Kano. Kakata ta wajen uwa 'yar can ce. Yunwar 1973 ce ta koro su kudu, ita da mijinta da 'ya'ya huɗu, Kawu ne babbansu, kuma har ta koma ga Mahaliccinta ba ta sake taka ƙasarsu ba. Ni kuwa malamin kimiyyar halittu ne a wata makarantar sakandare, ban taɓa tsallake iyaka ba. Na nemi izinin kwana goma, aka ba ni.

Mun bar tashar Ƙofar Ruwa bayan sallar asuba, sanyi na ratsa ƙashi, hazo ya rufe gari. Tsarabarmu turmin atamfa biyu, goro, sabulu, sukari, ganyen shayi da man zafi. Kazaure da Daura muka wuce su ina gyangyaɗi, in ban da shingayen masu kaki da suka riƙa tada ni, har na daina ƙirgawa. A Kwangwalam aka duba takardunmu, muka canji kuɗi a gindin wata bishiya. Nan na fara shiga ruɗu. Jika ɗaya ta sefa, wato tamma dubu, ta kama kusan naira dubu ɗaya da ɗari biyu a ranar. Amma mutanen Nijar da dala suke lissafi, dala kuwa tamma biyar ce. Mai shayi ya ce mini dala ashirin, na tsaya ina kallonsa, sai Kawu ya ciro ƙwandalar tamma ɗari ya miƙa masa, ya ce da ni, "Ɗana, duk abin da aka faɗa maka, ka ninka shi biyar." Shekara hamsin da barinsa ƙasar, lissafin bai bar kansa ba.

Daga Ɗan Barto zuwa Matamai da Kance, abin da ya cika mini ido gawo ne. Gonaki cike da shi, kore shar a tsakiyar rani, tumaki na tsintar 'ya'yansa a ƙasa. Manoman wannan yanki sun daɗe da barin duk gawon da ya tsiro da kansa ya girma, ba sa sare shi lokacin sharar gona, domin da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa hatsi rana, ga taki a gindinsa. Na yi ta kwatanta shi da gonakin wajen garinmu da aka aske tas. A Takeita muka hau babbar kwalta, wadda suke kira gudiro, kafin la'asar mun shiga Damagaram, wato Zinder.

Wani abokin Kawu mai fataucin fata ne ya sauke mu a gidansa a unguwar Zango. An kawo mana dambun zogale da kilishi, da fura mai kauri wadda nononta ya fi gari yawa. Ruwa ne abin tattali a Zinder: jarka ɗaya dala ashirin muka ga ana saya, kuma buta guda aka ba mu mu biyu don alwala. Da safe muka zaga Birni, muka ga manyan duwatsun nan da suka hau kan juna, da fadar Sarkin Damagaram, da gidaje masu zanen ado a fuska. Garin ne hedikwatar Nijar a zamanin Faransa har zuwa 1926, lokacin da aka mayar da ita Yamai.

Ranar Alhamis ce, babbar ranar kasuwar Dole, amma mai masaukinmu ya ce sai mun fara bi ta majema ya duba fatunsa. A can ne tumfafiya ta fara shiga tafiyar nan.

Kowa a Kano ya san tumfafiya. Ita ce mai fitowa a kango da juji da gefen maƙabarta da bakin titin jirgi, mai faffaɗan ganye ruwan toka-toka, wadda in ka karya ta farin nono ya tsatso. Muna yara iyaye sun sha gargaɗinmu cewa tana makantarwa, mu kuma mu tsinko ƙwallayenta mu take da ƙafa don mu ji ƙarar fashewa. Iyakar sanina da ita ke nan, sai sunanta na kimiyya, Calotropis procera, da nake rubuta wa ɗalibai a allo. Sai ga ta a majema an tara dami guda kusa da kwatarniya. Majemin, dattijo ne da hannuwansa suka rine, ya nuna mini yadda ake daddatsa ta a jiƙa tare da fata don gashi ya saki, kafin a kankare a kai ga bagaruwa. Ya ce shi ya fi son fataka, wata ciyawa mai yaɗo da ita ma take da farin nono, amma fataka sai an shiga daji, tumfafiya kuwa tana bayan gida. Na tambaye shi ko ba ta cin hannu. Ya ce, "Malam, tana ci mana. Abin da zai tuge gashin akuya ai ba zai ji kunyar fatar mutum ba. Ido dai muke karewa."

A kasuwa na tarar da wani maharbi yana sayar da layu da ƙahonni, hira ta kai mu ga bindigar toka. Ya ce masu haɗa albarushi ba su da gawayin da ya kai na tumfafiya, saboda ba shi da nauyi, yana dakuwa lukui, wuta kuma na kama shi nan take. Mutanen Damagaram sun san zancen albarushi, domin Sarki Tanimu, wanda ya kewaye Birni da ganuwa a ƙarni na 19, har igwa ake ƙera masa a garin. Maharbin ya ƙara da cewa kakanninsa na zuba nononta a cikin dafin kibiya, tare da kwankwani. Kusa da shi mata na sayar da soyayyar fara a tiya. Na sayi ta dala hamsin muka ci a hanya.

Washegari muka kama hanyar arewa, jika uku kowannenmu zuwa Tanut, babban garin Damargu, tafiyar kilomita kusan 150. Mun wuce matatar man Soraz da aka buɗe a 2011, jandarmomi suka karɓi katunanmu sau biyu suka mayar mana ba tare da dogon zance ba. Abin da na lura da shi shi ne yadda itatuwa ke janyewa a hankali. Gawo ya ƙare, kuka ta ƙare, aka koma aduwa da kandili jefi-jefi, daga nan sai fili fetal, karan hatsi a kwance, yashi fari. Abu ɗaya ne bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. A Kano tumfafiya da wuya ta wuce kafaɗar mutum. A Damargu na ga wadda ta ninka tsawona, gindinta ya yi kauri, ɓawonta fari-fari mai tsage-tsage kamar toto, ga furanni farare masu shunayya a baki. A cikin wannan ƙura da bushewa ita kaɗai ce kore, har ido ya riƙa hutawa a kanta.

Daga Tanut babu kwalta zuwa ƙauyensu Inna. Wata tsohuwar a-kori-kura ce, irin wadda suke kira kat-kat, muka hau bayanta a kan buhuna, mu goma sha wani abu, da akuya biyu. Jika biyu da rabi aka karɓa. Mun yi kamar awa biyu muna tafiya, sai muka faɗa wani kwari mai laushin yashi, mota ta kafe. Direba ya ba ta wuta, ta ƙara nutsewa. Kowa ya sauko, aka shiga tonon yashi da hannu. Ana bukatar abin da za a shimfiɗa a ƙarƙashin taya, kuma duk faɗin wurin babu itace sai tumfafiya. Yaron motar, wanda bai fi shekara goma sha shida ba, ya ɗauki adda ya shiga sara, yana kwasowa a ƙirji, nono na ɗiga a hannunsa da rigarsa. Dabarar ta yi, domin a karo na uku mota ta fito. Amma iska na kaɗawa, yashi ya shigar masa ido, ya sa bayan hannu ya murje.

Wani Buzu da ke tare da mu ne ya fara gani, ya daka masa tsawa, amma aikin gama ya gama. Yaron ya ce ɗan yaji-yaji kawai yake ji, a bar shi. Wata tsohuwa ta ce a tatso nonon akuya a ɗiga masa, Buzun ya ce a wurinsu nonon raƙuma ake sawa. Ni kuma na ce a fara da ruwa, ruwa mai yawa, yanzu-yanzu. Nan aka yi shiru, domin jarka ɗaya ce a motar, ta injin ce kuma ta sha, ga sauran tafiya a gaba. Kawu bai ce uffan ba, ya kwance jarkarmu da muka cika a Tanut ya ajiye a gabana. Na sa yaron ya wanke hannu da sabulun tsarabarmu, ya kwanta ya karkata kai, na buɗe idon da yatsu ina tsiyaya ruwa a hankali daga wajen hanci zuwa wajen kunne, don kada ya gangara cikin ɗayan. Mun fi minti ashirin a haka. Da ruwanmu ya ƙare, Buzun ya miƙo salkarsa ba tare da an roƙe shi ba. Wanda ya san darajar ruwa a wannan daji ya san abin da mutumin nan ya bayar.

Kafin mu isa, gab da magariba, yaron ya ce idon na gani kamar ta cikin hazo, ba ya iya ƙirga yatsuna daga taku uku. Abin da ya ba kowa mamaki, ba ya jin ciwo. Wannan kuwa shi ne sharrin nonon tumfafiya: da yana da zafi irin na barkono, da mutum ya ruga neman ruwa. A cikinsa akwai sinadarai masu aiki a kan zuciya, dangin maganin nan digokzin da likitoci ke ba masu ciwon zuciya da awo ƙanƙane. Ɗaya daga cikinsu ma sunansa kalotirofin. Aikinsu shi ne tsayar da wani ɗan famfo da ke jikin ƙwayoyin halitta, mai fitar da gishiri waje. A zuciya, tsayar da shi na rikita bugu, in abin ya yi yawa ta tsaya. A ido kuwa, wannan famfon ne ke tsotse ruwa daga gilashin gaban ido don ya zauna garau; in ya tsaya, gilashin ya sha ruwa ya kumbura, gani ya dushe. Na roƙi direban ya mayar da shi likita a Tanut da sassafe, kada ya tsaya jiran ya cika mota. Mutanen can asibiti suke kira likita. Ya yi alkawari, kuma ya cika.

Inna na zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta muka yi sallama. Ta kama fuskar Kawu da hannu biyu tana shafawa, tana kiran sunan yayarta, duka su biyun suna kuka. Ni kuma da aka ce mata ga jikan yayarta, ta jawo ni ta ce, "Ashe mijina ne ya zo, sai yau ka tuna da ni?" Daren nan tuwon hatsi muka ci da miyar kuka da man shanu, aka shimfiɗa mana a wata bukka. Na kwanta rigingine, hasken tocila ya haska tsaikon ɗakin, sai na ga sandunan farare ne, marasa kauri, miƙaƙƙu. Da safe na tambaya. Tumfafiya ce. Matashin da na ɗora kaina a kai, mai laushi kamar ba komai a ciki, audugar tumfafiya ce. Igiyar da aka yi wa jakin gidan dabaibayi da ita, ɓawon tumfafiya ne.

Kwana shida na yi a ƙauyen, kuma rabinsu a bayan matan gidan na yi su ina tambaya, har suka riƙa ce mini malamin tumfafiya. Abin da na fahimta, duk amfanin da suke ci da ita a kan ƙa'ida yake, kuma yarinya 'yar shekara goma ta san ƙa'idar. Ba a sara ranar iska. Mai sara na juya fuska gefe, ta tsaya ta inda iska ke fitowa, ta yi amfani da gatari mai dogon ƙota. Ba a ɗauka a ka ranar da aka sare. A nan ake barinta kwanaki har nonon ya bushe, ganye ya zube. In ta bushe ta zama itace kamar kowane, sai dai ba nauyi, kuma gara ba ta cinta. A ƙasar da gara ke cinye rumbu cikin damina biyu, kuma azarar giginya sai mai hali, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da ita suke tsaiko da tanka da ƙafafun rumbu da rumfa. Buzaye, waɗanda ke kiranta tirza, suna sa ta a sandunan tanti da sirdin raƙumi saboda rashin nauyin. A murhu ne kawai ba sa yabonta: tana cinyewa da sauri, hayaƙinta na da kauri, sai in babu wani.

Wata kishiyar surukar Inna ta nuna mini yadda ake fitar da zare. Ta ɓare ɓawon sanda, ta kankare bayan, sai ga wasu siraran zaruruwa farare masu sheƙi. Ta murza su a cinya, biyu-biyu, cikin ɗan lokaci ta miƙo mini igiya kamar kamu ɗaya ta ce in tsinka. Na naɗe a hannu na ja har ta shata mini fata, ba ta tsinke ba. Audugar kuwa daga cikin ƙwallon take. Ƙwallon kore ne, girman mangwaro, amma iska ce cike da shi. A tsakiya ne 'ya'yan suke jere kamar ɓawon kifi, kowanne da gashinsa mai santsi da iska ke ɗauka in ya fashe. Saboda wannan kyan waje da holoƙon ciki ne Turawa ke ce masa tuffar Saduma, domin itacen na fitowa a gaɓar Mataccen Teku, yankin mutanen Annabi Luɗu. Larabawa kuma ushar suke kiransa. Audugar ba ta kaɗuwa a mazari, ta cika santsi, amma tana cika matashi, kuma tsofaffi sun ce kafin ashana ita ce abin kama wutar ƙyastu.

A jikin wata tumfafiya a bayan gida na ga fara, ƙatuwa, rawaya mai zane-zane, ta zauna abinta ko motsi ba ta yi. Yaran da ke bin kowace fara da gudu ba su ko kalle ta ba. Farar tumfafiya ce, ba a ci. Ganyen take ci ta tara dafin a jikinta, in an taɓa ta ta fesa wani ruwa mai wari, tsuntsaye ma sun san launinta. Awaki kuwa na gani suna tsintar busasshen ganye da furen da ya faɗo, amma ba sa kai baki ga ɗanye sai yunwa ta kai musu iya wuya.

Wata Buzuwa ta kawo cuku sayarwa, fale-fale, an shanya shi ya bushe, dala arba'in ɗaya. Na tambaye ta ko da tumfafiya take daskarar da madarar, ta zaro ido ta ce Allah ya kiyaye, su da wani yanki na tumbin ɗan akuya mai shan nono suke yi. Na ba ta labarin abin da na gani a ƙasar Ilori lokacin bautar ƙasa: matan Fulani na daka ganye da karan tumfafiya, su tace ɗan ruwan a cikin madara mai ɗumi a kan wuta, ta kama ta rabu da ruwanta, a kwashe a ɗan kwando. Shi ne wara na Yarbawa, wagashi a Benin da Gana, kuma daga sunansa awarar waken suya da muke ci a Kano ta samo nata. A nonon itacen akwai wani sinadari daban mai daskarar da madara, kuma kaɗan ake sawa. Matar ta saurare ni har ƙarshe, ta girgiza kai ta ce ita dai ba za ta ba 'ya'yanta ba.

Zancen magani ne ya fi tsaya mini a rai. Kowace safiya ana gasa wa Inna ganye biyu a kan garwashi har su yi laushi, a shafa man shanu a gwiwarta, a ɗora a ɗaure da tsumma. Ta ce ɗumin na sassauta mata sanyin ƙashi. Suna ɗiga nonon a kan makero da harbin kunama da ƙazuwar raƙumi, da can kuma a kan kurkunu. Wasu na rataye ganyen a ƙofar ɗakin mai jego, wai maye ba ya tsallake shi. Duk waɗannan na ji na yi shiru. Inda na kasa shiru shi ne da wani saurayi ya ce in haƙori ya rube yana dangwala nonon a auduga ya cusa a ramin, wani kuma ya ce ana jiƙa saiwar a sha don wankin ciki. Na ce musu abin da ya dusashe idon yaron mota daga shafa ɗaya, shi ne dai zai je ga zuciya in an haɗiye, kuma babu mai iya auna ƙarfinsa da ido, domin na wannan itacen ba daidai yake da na wancan ba. Na ɗauka za a yi mini musu. Sai Inna ta ɗaga murya daga kan tabarma ta ce, "Ku ji abin da mijina ke faɗi. Uwarmu ba ta taɓa bari an kai ta baki ba. A waje take aiki." Na ji daɗin wannan magana ƙwarai, don ta nuna mini iyakar da nake ja tsofaffin sun riga ni ja, masu tasowa ne ke neman tsallakewa.

Ranar jajibirin tafiyarmu, wani ƙanen mijin Inna, tsoho mai kusan shekara tamanin, ya ja ni zuwa gonarsa. Na ce masa, "Baba, kun yi sa'a da wannan itace." Ya daɗe bai amsa ba. Sannan ya nuna mini da sandarsa tun daga inda muke har wani tudu, ya ce yana yaro duk nan dashi ne da dakwara da jiga, ba ka hango raƙumi in ya shiga. Fari na 1973 ya kashe rabi, na 1984, wanda suke kira El Buhari, ya ƙarasa dashin. Abin da ya saura gatari da awaki suka gama da shi. "Ita wannan," in ji shi, "ba ta zuwa sai wuri ya mutu. In ka ga ta cika gona, gonar ta gaji." Gaskiyarsa kuwa, domin tumfafiya ta fi son ƙasar da aka nome har ta sare ko aka yi wa kiwo fiye da kima, saiwarta na nutsawa can ƙasa, dabba ba ta cinye ta, iska na raba mata iri. Na gane cewa sandunan da na yaba a tsaikon ɗaki, da can da wani itacen ake yinsu.

A hanyar komawa gida ya tsaya gindin wani ɗan kurmi mai ƙananan ganye masu tauri, ya ce ko na san shi. Anza ce. Ya ce a El Buhari, da kuma yunwar 2005, 'ya'yanta ne suka riƙe ƙauyen. Ɗaci gare su kamar maɗaci, kuma in aka ci haka nan suna illa, sai an ɓare an jiƙa kwana da kwanaki ana zubar da ruwan ana sake wani, kafin a dafa kamar wake. Wahalar ita ce shekarar da ake bukatar anza ita ce shekarar da ruwan jiƙon ke wuya, kuma uwar da 'ya'yanta ke kuka ba kullum take iya jiran kwanakin su cika ba. Ya faɗi wannan a hankali, yana kallon ƙasa, ban kuma tambaye shi ko wa yake tunawa ba.

Motar da ta kawo mu ita ta zo ɗaukarmu, kwana shida bayan abin da ya faru. Yaron na bisa kaya, ya ɗaura rawani har hanci. Ya diro ya gaishe da Kawu, ya buɗe mini idon: ja ya ragu, hazon ya janye saura kaɗan, ya ƙirga yatsuna daga nesa daidai. Ya ciro ɗan kwalban maganin ɗigawa da majo, wato babban ma'aikacin jinya na asibitin, ya ba shi, jika ɗaya da rabi, ya ce an ce ya koma bayan mako. Majon ya gaya wa direban cewa duk shekara yana ganin irin wannan, galibi masu sharar gona da yara, kuma yawanci ido na washewa in an wanke da wuri an zo likita. Waɗanda ke ba shi tsoro su ne matan da ake kawowa sun sha don zubar da ciki. Da muka iso kwarin nan, rassan da ya sara na nan a cikin yashi sun bushe, kututturan kuma har sun fara fitar da sabon toho. Wannan karon direban ya sauke mu tun daga nesa, ya rage iskar taya, ya wuce a guje.

Inna ta ba mu cuku goma, da tiya biyu ta hatsi, da matashin da na kwana a kai, ta ce in kai wa mahaifiyata ta ɗora kai a kan abin garinsu. Mun kwana ɗaya a Zinder, washegari da la'asar muna Kano.

Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka karɓi mulki a Yamai, aka rufe iyaka. Ana cikin haka, wata Talata da dare, waya ta shigo daga Tanut cewa Inna ta rasu. Ba mu sami zuwa gaisuwa ba. A ƙofar gidan Kawu muka shimfiɗa tabarmi aka yi zaman kwana uku. Matashin yana ɗakin mahaifiyata, ta ɗinka masa sabuwar riga da ragowar atamfar da muka kai wa Inna irinta.